Ra'ayi: Ƙasar Sin ba ta ƙi ilimin Turawa ba, ƙauye ta kai shi ta gwada

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a fada da majalisun matasa, daga Maraɗi zuwa Yamai, har da zaurukan WhatsApp na ƴan ƙasa mazauna ƙetare. Wai ƙasar Sin ta kai inda ta kai ne saboda ta rufe ƙofarta ga ilimin Turawa, ta tsaya a kan nata. Maganar tana da daɗin ji, musamman a wannan lokaci da ake sake duba kowace alaƙa da ƙasashen yamma. Sai dai tarihi bai goyi bayanta ba.

Fannin da ya fi nuna haka shi ne ilimin zamantakewar al'umma, wanda ɗaliban jami'a suka fi sani da sosiyoloji, wato nazarin yadda mutane ke zaman tare: iyali, aure, sana'a, arziki da talauci, ƙauye da birni. Idan akwai ilimin da Sinawa za su ce ba su buƙatar baƙo a kansa, to wannan ne, tunda zancen cikin gidansu ne. Amma daga waje suka ɗauko shi, har sau biyu. Sun ari littattafai da malamai da dabarun bincike daga Ingila, Amurka, Faransa, Jamus da Rasha ba tare da jin kunya ba. Abin da ya bambanta su shi ne sun kai abin da suka aro ƙauyukansu da masana'antunsu, inda ya dace suka riƙe, inda bai dace ba suka gyara. Sau ɗaya kawai hukuma ta rufe fannin gaba ɗaya, daga 1952 zuwa 1979, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ƙasar ta faɗa yunwa mafi muni a tarihinta na zamani.

Shan kaye ne ya buɗe ƙofa

A shekarar 1895 Japan, wadda Sinawa suka daɗe suna yi wa kallon ƙaramar ƙasa, ta ci su da yaƙi. Masu ilimin ƙasar suka shiga tambayar kansu: me ya sa wata al'umma ke ƙarfi, wata ta rushe? Cikin masu neman amsa akwai Yan Fu, wanda aka tura Ingila koyon aikin sojan ruwa daga 1877 zuwa 1879. Ya dawo da fahimtar cewa ƙarfin Ingila ya wuce jiragen yaƙi, yana cikin yadda jama'arta ke tsara zamansu. A 1898 ya fitar da fassarar littafin Thomas Huxley, a 1903 kuma ya fassara littafin Herbert Spencer kan nazarin zamantakewa.

Tun daga nan aka fara lanƙwasa kayan aro. Spencer mutum ne da ke son gwamnati ta cire hannunta daga rayuwar mutane. Yan Fu kuwa ya karanta shi yana neman yadda ƙasarsa za ta yi ƙarfi kada a raba ta kamar nama. Ya ma laƙaba wa fannin suna daga tsohuwar falsafar Sin, qunxue, ilimin taron jama'a, yana jingina da malami Xunzi da ya rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sunan bai ɗore ba. Wanda ya zauna har yau, shehuixue, daga Japan aka ɗauko shi, ƙasar da ta ci su da yaƙi.

Bayan fassara sai ajin karatu, kuma jami'o'in mishan na Amurkawa ne suka fara. An buɗe sashen sosiyoloji a jami'ar Yenching ta Beijing a 1922 ƙarƙashin Ba'amurke John Burgess, wanda shi da Sidney Gamble suka wallafa binciken rayuwar mazauna Beijing a 1921. Abin da Amurkawa suka kawo shi ne ɗabi'ar fita da takardar tambayoyi a ƙirga: nawa lebura ke samu a rana, nawa yake kashewa a abinci, mutum nawa ke kwana a ɗaki. Li Jinghan, wanda ya yi karatu a Amurka, ya ɗauki wannan dabara zuwa gundumar Ding a lardin Hebei, ya fitar da sakamakon a 1933. Wasu kuma, irin su Yang Kun, Faransa suka je, suka dawo da koyarwar almajiran Durkheim. A 1930 aka kafa ƙungiyar masana zamantakewa ta ƙasar Sin, kuma galibin jagororinta a ƙetare suka yi digiri.

Wannan zamani yana da aibinsa. Littattafan da Turanci suke, misalan da ke ciki na biranen Amurka ne, ɗalibi yana iya gama jami'a ya san unguwannin Shikago fiye da ƙauyen kakansa. Wu Wenzao, wanda ya dawo daga jami'ar Columbia a 1929, ya ce dole a mai da fannin na Sinawa. Amma maganin da ya kawo shi ne abin lura. Bai kori baƙi ba. Robert Park na jami'ar Shikago ya koyar a Yenching a 1932, Wu da kansa ya gayyato Baturen Ingila Radcliffe-Brown a 1935, sannan ya tura haziƙan ɗalibansa Landan da Harvard. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk abin da aka koyo, a kai shi wani ƙauye ko wata unguwa ta ƙasar Sin a zauna da mutane a gwada shi.

Ƙauye ɗaya, wata biyu

Ɗalibin da ya fi cika wannan sharaɗi shi ne Fei Xiaotong, wanda aka haifa a 1910 ya rasu a 2005. A 1935 shi da amaryarsa Wang Tonghui suka tafi bincike duwatsun Guangxi. Ya faɗa tarkon damisa ya ji mummunan rauni, ita kuma ta rasu a hanyar nemo masa taimako. Yana jinya a 1936 ya je Kaixiangong, wani ƙauye mai gidaje kusan 360 kusa da tafkin Tai, inda yayarsa Fei Dasheng ke taimaka wa manoma tafiyar da ƙaramar masana'antar siliki ta haɗin gwiwa. Ya yi kusan wata biyu yana shiga gida gida. Da waɗannan bayanai ya tafi Landan, ya yi digirin digirgir a hannun Bronislaw Malinowski, aka buga aikin a 1939.

Dabarar ta Malinowski ce: ka zauna da mutane, ka duba yadda gona da aure da gado da bashi ke riƙe da juna. Amma Malinowski a kan mutanen wasu tsibirai masu nisa da ƙasarsa ya gina ta. Fei ya juya ta kan mutanensa, da tambayar da ta dame shi: me ya sa manomi ke talaucewa? Ya gano cewa gonar iyali ba ta isa ciyar da su shekara, zaren silikin da mata ke yi a gida ne ke cike giɓin. Da farashin siliki ya faɗi a kasuwar duniya, silikin inji ya kori na hannu, sai manomi ya ci bashi da ruwa, daga nan gonar ta koma hannun masu kuɗin birni. Shawararsa ita ce a kai ƙananan masana'antu karkara, su kasance mallakar manoma. A ajin nan na Malinowski akwai wani ɗalibi ɗan Afirka, Jomo Kenyatta, wanda littafinsa kan ƙabilarsa ta Kikuyu ya fito a 1938. Malami ɗaya ya rubuta wa littattafan biyu gabatarwa.

Shekara goma bayan haka Fei ya wuce matakin amfani da dabarar wani, ya ƙirƙiro tasa fahimtar. A maƙalolin da ya tattara a ƙarshen shekarun 1940 ya kwatanta zaman Turawa da dammunan kara, kowane mutum cikin ƙungiya mai iyaka, an san wanda ke ciki da wanda ke waje. Zaman Sinawa kuwa ya kwatanta shi da da'irorin da ke bazuwa idan an jefa dutse a ruwa: mutum yana tsakiya, haƙƙin da ke kansa yana raguwa gwargwadon nisan dangantaka. Ya kira wannan chaxu geju, kuma har yau ana koyar da shi a jami'o'in Sin da na ƙetare. Abin da masu cewa a ƙi ilimin baƙo ke mantawa shi ne, da Fei bai zauna Landan ya ga wani irin zama dabam ba, da wuya ya lura da abin da ya keɓanta nasa.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Edmund Leach, wanda suka yi aji ɗaya a Landan, ya yi tambaya a 1982: shin ɗan gida zai iya duba mutanensa ba tare da son zuciya ba, kuma ta yaya ƙauye ɗaya zai wakilci ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin mutane? Tambaya ce mai nauyi. Amsar Fei ita ce ba ƙauye ɗaya ya tsaya ba, tun lokacin yaƙi da Japan shi da abokan aikinsa suka bi ƙauyukan Yunnan masu yanayi dabam dabam suna kwatantawa. Ƴan gurguzu kuma suka soki ɓangaren Wu da Fei cewa faci suke yi wa rigar da ya kamata a yage. To amma su ma aƙidarsu ta Karl Marx ce, Bajamushe, ta iso musu ta Japan da Rasha. Qu Qiubai, wanda daga baya ya jagoranci jam'iyyar kwaminis, shi ya riƙe sashen sosiyoloji na jami'ar Shanghai a 1923. Rigimar ta kasance tsakanin koyarwar Turai iri biyu, kowacce a hannun Sinawa.

Shekara 27 babu masu tambaya

Bayan kwaminis sun karɓi mulki a 1949, an sake tsara jami'o'i bisa tsarin Tarayyar Sobiyet. A 1952 aka fara rufe sassan sosiyoloji, da hujjar cewa ilimin ƴan jari-hujja ne, kuma aƙidar Marx ta riga ta amsa duk tambayoyinsa. A 1957, da aka ɗan sassauta, Fei ya koma Kaixiangong bayan shekara 21. Ya rubuta cewa noman shinkafa ya ƙaru, amma samun manoma bai ƙaru yadda ake faɗa ba, domin sana'o'in gefe irin su siliki da fatauci a kwale-kwale sun ja baya. Cikin ƴan makonni aka liƙa masa tambarin mai adawa da tafarkin jam'iyya, tare da malamai irin su Wu Wenzao da Pan Guangdan. Pan ya rasu a 1967 cikin wulaƙancin juyin juya halin al'adu.

Shekara ɗaya bayan an rufe bakin Fei, a 1958, Mao ya ƙaddamar da shirinsa na babban tsalle. Jami'an ƙauyuka suka riƙa aika wa Beijing alƙaluman girbi na ƙarya, gwamnati ta karɓi hatsi bisa waɗannan alƙaluma, yunwa ta kashe miliyoyin mutane tsakanin 1959 da 1961, da yawan masu bincike na cewa sun kai miliyan 30. Babu mai cewa malaman jami'a ƴan ƙalilan za su iya tare wannan bala'i su kaɗai. Amma mutanen da aka horar su shiga gida su leƙa rumbu su faɗi abin da suka gani, su ne aka fara rufe wa baki. Ƙasar da ta kori masu tambaya ta rage da rahoton masu tsoron ubangidansu.

Aro na biyu

A watan Maris na 1979 Deng Xiaoping ya faɗa a bainar jama'a cewa an yi sakaci da fannoni irin su sosiyoloji da shari'a da kimiyyar siyasa, dole a rama darasin da aka rasa. Aka ɗora wa Fei, yana dab da shekara 70, nauyin farfaɗo da fannin. Babu malamai, babu littattafai. Ina ya nufa? Amurka. Tsohon abokin karatunsa C. K. Yang na jami'ar Pittsburgh ya taimaka wajen shirya kwasa-kwasan horo, a 1981 kuma jami'ar Nankai ta birnin Tianjin ta buɗe aji na musamman inda Peter Blau da Nan Lin daga Amurka suka koyar. Da yawa cikin manyan malaman fannin na shekarun baya daga wannan aji suka fito. Shi kuma Fei ya koma karkara, a 1983 ya rubuta kan muhimmancin ƙananan garuruwa, a daidai lokacin da masana'antun ƙauyuka da ya ba da shawara tun 1939 suka fara ɗaukar miliyoyin ma'aikata.

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda aron nan na biyu ya yi aiki. A 1973 Ba'amurke Mark Granovetter ya wallafa wani nazari da ya shahara, bayan binciken da ya yi kusa da Boston. Ya gano cewa masu samun aiki ta hanyar wani, galibi ta hannun wanda suka sani sama-sama suke samu. Dalili shi ne na kusa da kai labarin da ka sani shi ma shi ya sani, na nesa ne ke kawo sabon labari. Bian Yanjie, wanda ya yi karatu a Nankai kafin ya ƙarasa a Amurka, ya gwada wannan a Tianjin da binciken 1988, ya wallafa a 1997. Sakamakon ya fito akasin haka. A wancan lokaci hukuma ce ke raba aiki, don haka labarin gurbi ba shi da amfani, abin da ake nema shi ne jami'in da zai karya ƙa'ida dominka, kuma babu mai ɗaukar wannan kasada sai don wanda ya amince da shi ƙwarai. Sinawa na kiran wannan guanxi. Duk matashin da ya taɓa yawo da takardunsa ofis ofis ya san zancen mai uwa a gindin murhu. Bian bai zagi Granovetter ba, bai kuma haɗiye maganarsa ba. Ya ɗauki ma'aunin mutumin ya nuna masa inda ya tsaya, kuma a babbar mujallar fannin ta Amurka aka buga aikin.

Haka abin ya ci gaba. Babban binciken zamantakewa na ƙasa da aka fara a 2003 an tsara shi ne bisa na Amurka da ke gudana tun 1972. Jami'ar Peking ta fara bin diddigin dubban iyalai a 2010, shi ma bisa wani samfurin Amurka. Amma tambayoyin na gida ne: rajistar hukou ta 1958 da ta raba ɗan ƙauye da ɗan birni a wajen makaranta da asibiti, da ƴan ci-rani na cikin gida da yawansu ya kusa miliyan 300, da yaran da ake bari a hannun kakanni.

Muhawarar ba ta ƙare ba. A watan Mayu na 2016 shugaba Xi Jinping ya buƙaci a gina ilimin zamantakewa mai siffar ƙasar Sin. A 2018 Xie Yu, malami a Princeton da Peking, ya rubuta cewa zancen mai da fannin na gida ba shi ne ainihin matsala ba, bincike ko dai mai kyau ne ko maras kyau. Wasu malamai masu aiki a karkara suka mayar masa da martani cewa sha'awar bugawa a mujallun Amurka na sa matasa zaɓar tambayoyin da za su burge baƙi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Haɗarin yana inda kiran a koma gida ya fito daga bakin hukuma, domin a nan yana iya zama umarnin a bar tambayar da ba a so. Rahile Dawut, malama ƴar ƙabilar Uygur da ta shahara da nazarin wuraren ziyara na Musulmin Xinjiang, ta ɓace a ƙarshen 2017, a 2023 aka ba da rahoton an yanke mata ɗaurin rai da rai. Ilimin gida take yi, bai cece ta ba.

Abin da ya shafi Nijar

Nijar ma aro ta yi, ta hanyar Faransa. Sanannun ayyuka kan Hausawan Maraɗi Faransawa ne suka rubuta su, irin su Guy Nicolas, da Emmanuel Grégoire mai littafin 1986 kan alhazan birnin. Cibiyar bincike ta LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta nuna cewa hanyar Fei tana yiwuwa a nan: masu bincikenta sun zauna a asibitoci da ofisoshi, suka fito da bayani kan ƙa'idojin da ma'aikata ke bi a aikace, saɓanin waɗanda ke rubuce a takarda.

Ɗalibin sosiyoloji a Yamai ko Damagaram da ke jin ana cewa karatunsa bokon Nasara ne ba ya buƙatar ƙona Durkheim da Bourdieu, haka kuma haddace su don cin jarrabawa ba zai ƙare shi da komai ba. Kayan aro ba ya rufe katara sai an yi masa gyara daidai jiki. Adashe, biki, dangantakar bara da ubangida, fadar matasa, matan Kance da ke tafiya Aljeriya, kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa daga Libiya da Abijan da wanda ke yanke shawarar yadda za a kashe su, duk suna jiran wanda zai zauna wata biyu a unguwa ɗaya ya rubuta abin da ya gani, ya kuma sa musu sunan da ya fito daga bakin mutanen wurin. Masu samun gurbin karatu a Sin su ma za su iya dawowa da wannan ɗabi'a, ban da harshe da takardar shaida.

Nauyi na biyu yana kan masu mulki, ko su wane ne. Mai binciken da ya dawo daga ƙauye da labarin da bai yi daɗi ba yana yi wa ƙasa aikin da rahoton ofis ba zai yi ba. Sin ta yi shekara 27 ba ta saurari irin waɗannan mutane ba, daga baya ta nemo waɗanda suka rage da rai cikinsu ta ce su sake farawa.